Zumar da Hajiya Ta Kawo

Daren Laraba, bayan isha'i

Yau na je asibiti a ɓoye, ni da nake cika baki a majalisarmu ta unguwar Sheshe cewa tun da na kafa rumfar fatuna da hannuna ciwo bai taɓa kayar da ni ba. Likita ya ce ciwon sukari ne. Wai akwai wata 'yar tsoka a bayan tumbi mai fitar da sinadarin insulin, shi ke kwashe sukari daga jini, to tawa ta gaza. Ya ce, "Alhaji, me kake sha don wannan kasalar?" Na ce zuma, cokali uku safe da dare, wata huɗu ke nan. Sai ya ajiye biro, ya ce in cire takalmi ya ga ƙafata.

Wallahi nan take na tuna ƙafar Yaya Sani da aka yanke saboda wannan ciwon. Da yamma a majalisa ana ta musu kan sabuwar gwamnatin farar hula, ni kuwa yatsun ƙafata nake latsawa.

Ɗazu uwargidana Hajiya ta shigo da zumar. "Alhaji, daure ka sha, duk ka rame." Na ce ta ajiye. Ga cokalin nan a gabana. Ya Allah, da wane baki zan gaya mata gobe?