Na Hana A Zuba Tarihinmu A Ɗanyen Rumbu

Malam, a taimaka mini da shawara, ko da yake ni ne na yi nasara. Ban yi boko ba, maƙwabcina Abdulbaƙi ke rubuta mini.

Tun shekarar da rana ta yi husufi da hantsi, kaji suka koma akurki, nake naɗar muryoyin tsofaffin yankinmu a kaset: wa ya sari wane daji, wace rijiya ce ta wa. Yawancinsu sun rasu, wasu ƙauyukan ma sun zama kufai. Bana ƙungiyarmu ta sayo babbar na'urar ajiya, saba suke ce mata, don a juye komai ciki, 'ya'yanmu na nesa su saurara ta waya. Shugabanmu Bakoji, Bafulatani, abokina tun muna samari, ya sa ranar buɗewa har ya gayyaci baƙi. Micah, mai haɗa na'urar, ya ce sai an gwada ta tukuna. Aka yi masa caa. Ni kuwa na gane nufinsa, don ban taɓa zuba dawa a rumbun da bai bushe ba. Makullin ɗakin na'urar na hannuna, na sa a aljihu na zauna, ranar ta zo ba a buɗe ba.

Makonni tana aiki dare da rana da bayanan bogi. Micah ya kashe wuta ya ga ko batirin sola zai ɗauka, ya zare ɗaya daga faya-fayan ajiya da ke cikinta ya ga ko sauran za su riƙe, ya rufe tagogi da tsakar rana ya ga ko za ta jure zafi. Ana nan faifai biyu suka mutu tare! Da muryoyinmu na ciki fa? Tsofaffin kaset-kaset ɗin nan wasu ba za su jure juyi biyu ba. An canza, an sake gwadawa, yanzu lafiya lau. Jiya na ji muryar marigayi yayana tana fitowa daga waya.

To, Bakoji ya daina zuwa. Ya ce na kunyata shi gaban baƙi. Shi kaɗai ya rage da ya san tsofaffin burtalai da mashayar shanu na dajin nan, ga shi tari ya kama shi, kuma ya ƙi a naɗe shi. Gobe da safe zan kai masa matattun faya-fayan nan har ruga, ya gani da idonsa.

Tsohon Gayam

AMSA

Baba, barka da wannan aiki. Kai da Micah kun yi daidai: sabuwar na'ura a farkon aikinta take nuna aibinta, gara ta nuna shi tana fanko. Kada kuma a zubar da kaset-kaset ɗin, a ajiye kwafi na biyu a wani gari.

Amma Bakoji bai yi gaggawa don wasa ba. Mai tari a shekarunsa ya san abin da yake tsoro, kuma shi ya tsaya gaban baƙi yana ba da haƙuri, ba kai ba. Ka bar faya-fayan a gida, labarinsu ya riga ka isa ruga. Ka tafi da goro da rikoda, ka ce akwai mashayar da sunanta ya ɓace maka. Ba na jin zai iya barin ka da kuskure. Ranar buɗewa kuma shi zai kunna na'urar.

Allah ya ba shi lafiya, ya ƙara muku zumunci.