Na Ɗiga wa Kwamfutar Maigida Man Keke

Anti, don Allah ki taimake ni. Na tafka ɓarna, kuma laifin ya faɗa kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ni tela ce, shekarata goma sha huɗu a kan keke. A sana'armu duk abin da ya yi tauri ko ya fara ƙara, mai ake ɗiga masa. Ƙofar ɗaki, almakashi, zif ɗin jaka, har fankar falo, duk da 'yar kwalbar man kekena na gyara su, ba wanda ya taɓa ce mini sannu. Maigidana malamin makaranta ne, yana da kwamfuta wadda yake lallaɓawa fiye da yadda yake lallaɓa ni. Rannan na ji yana mita wai filash ɗinsa, ɗan abin da yake adana aikinsa a ciki, yana wuyar shiga ramin da ke gefenta. Yana fita tausayi ya kama ni, na ɗiga wa ramukan uku mai, ɗigo ɗai-ɗai. To, gaskiya ɗaya na ba shi biyu, don ya fi tauri. Na goge ta fes, na ajiye kusa da kekena inda ɓurɓushin yadi ke tashi.

Washegari ƙaninsa, da muke kira Dogo, ya are ta don rubuta takardar neman aiki. Tun da ya dawo da ita, filash na shiga sumul gwanin sha'awa, amma kwamfuta ta ƙi saninsa. An haɗa firinta, shiru. An sa mawus, shiru. Maigida ya kashe ya kunna ya fi sau ashirin, ya canza waya, ya hura ramin da baki, daga ƙarshe ya yanke hukuncin cewa Dogo ne ya kwaso mata bairos, cutar nan ta kwamfuta. Ya kira shi ya wanke shi tas a gabana, har da tono masa rediyon babansu da ya fasa suna yara. Dogo ya yi ta rantsuwa ba shi ba ne, ya fita.

Yau mako uku bai tako gidanmu ba, mutumin da kullum sai ya leƙo ya tsokane ni ya buɗe mini tukunya. Surukata ta kira ni sau biyu tana tambayar abin da ya haɗa 'ya'yanta. Ni kuwa ina ta Allah ya kyauta tare da kowa, har na taya maigida cewa wasu ba su iya aro ba. Wannan maganar ita ce ta fi ci mini rai, kunyar kaina nake ji.

Ranar Asabar maigida zai kai kwamfutar wurin mai gyara. Anti, mai gyara na iya gane man keke? In ba zai gane ba, in ja bakina? Na gwada tsane man a ɓoye da auduga, ita ma audugar ta maƙale a ciki.

Tela mai nadama

'Yar'uwa, na yi dariya, ba zan ɓoye miki ba, amma na ji nauyin da ke zuciyarki.

Mu fara da kwamfutar. A cikin ramukan akwai ƙananan ƙarafa da dole su taɓa na filash kafin ta gane shi. Man ya lulluɓe su, ya kama ƙura, ga audugarki ta zo ta zauna. Kada ki ƙara cusa komai, ko allura. A kashe ta, a cire caja. Mai gyara zai wanke ramukan da sifirit ɗin da ake wanke na'ura da shi, tare da bakin filash da wayoyin da aka soka. Galibi suna dawowa, in sun ƙi a canza su.

Mai gyara zai gane man kuwa, hancinsa ma ya ishe shi. In kuma aka yi rashin sa'a ya bi maganar bairos, yana iya share komai, aikin maigidanki ya tafi a banza.

Niyyarki taimako ce, wannan ba laifi ba ne. Shirun mako uku shi ne laifin. Shi ma maigida ya yi gaggawa, ya yanke wa ɗan'uwansa hukunci ba shaida, kuma wannan nasa ne ya gyara. Ki gaya masa kafin Asabar, bayan ya ci ya ƙoshi, a taƙaice, ba kuka ba kewaye-kewaye. Zai yi fushi, ki bar shi ya huce. Daga nan ku je wurin Dogo tare, ke za ki fara buɗe baki, sannan ki kira surukarki da kanki.

Ki kuma shirya, Dogo zai riƙa ba da labarin nan a kowane taron dangi har ku tsufa. Ki bar shi ya ba da, haƙƙinsa ne. Allah ya ba ki ƙarfin faɗa, ya mayar da shi gidanku lafiya.