Babban Yatsan Baba

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, tare da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu. Mu nan lafiya lau. Ciwon gwiwar Baba ya yi sauƙi, har ya koma faɗan da ya saba a kan wai ina cika masa sukari a shayi, alhali in na rage sai ya ce na fara rowa. Idon dai yadda ka bar shi, duhu ne gaba ɗaya, kunnen ma sai an ɗaga murya. Ɗinki yana tafiya, kayan 'yan mawaƙan coci sun cika mini shago. Maigidana yana gaishe ka.

Yaya, na rubuto ne saboda abin da na kasa faɗa maka a waya, don kullum Baba yana gefena. Ka san an yi zaɓen kansila sati biyu da suka wuce. Mutum biyu ne suka tsaya: ɗan Dattijo na cocinmu, wanda surukata gwaggonsa ce, da mai kemis na bakin kasuwa, wanda ba addininmu ɗaya ba. Fasto bai kama sunan kowa ba, ya dai ce a kan bagade kowa ya san gidansu, kuma kowa ya gane. Baba kuwa ya koyar da su biyun a firamare. Ya ce bai manta yadda ɗan Dattijo ya kori gwauruwar nan mai wanki daga filin mijinta ba, lokacin da yake shugaban kwamitin unguwa. Ya ce ƙuri'a shaida ce a gaban Allah, shi kuma bai tsufa don ya fara shaidar zur ba. Mai kemis zai zaɓa.

Ka san ƙa'ida, makaho yana zuwa da wanda ya yarda da shi ya kama masa hannu ya dangwala. Ni ya zaɓa. Da ya yi shiru da abinsa, da ba a kai nan ba, amma ka san Baba, tun da kunnensa ya yi nauyi yake magana kamar yana gaban aji. Muna kan layi a harabar makaranta ya tuna mini, da ƙarfi, cewa a kan alamar fitila, ta mai kemis, zan sa masa yatsa. Layin nan kaf 'yan cocinmu ne. Surukata ta jawo ni gefe, ta gyara mini ɗankwali kamar mai ƙaunata, ta ce akwatin nan ƙarami ne, in aka ga ƙuri'a ko ɗaya ta fita, an san hannun da ya kai ta. Ta ce in tuna gidan da nake kwana, in tuna su wa suke kawo mini ɗinki, kuma tsohon ai ba gani yake ba. Na dubi maigidana, sai ya dubi takalminsa.

Muka shiga. Kwalin da aka kare teburin da shi ya karye ta gefe ɗaya, daga taga ana hango komai. Baba ya miƙo mini hannunsa a sake, yadda yake miƙo mini in zan yanke masa farce. Na sa yatsan a tawada. Yaya, na ɗora shi a kan alamar ɗan Dattijo. Tawa ma can na kai ta. Da muka fito Baba ya ce Allah ya yi mini albarka, yau zai yi barci da lamiri mai tsabta. Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da ban lissafa ba shi ne ƙirga. A akwatinmu mai kemis bai samu ko ɗaya ba. Takardar sakamakon tana manne a bangon makaranta, sifili ƙato, kullum sai na wuce ta in zan tafi shago. Da Baba ya tambaye ni nawa mutuminsa ya samu, na ce kaɗan ne. Ya yi dariya ya ce ba komai, ya san dai akwai guda ɗaya. Tun ranar na zama mai gadin ƙofa. Mai aski ya zo, na tsaya a kansu ina ta surutu har ya gama. Abokinsa tsohon direba ya zo hira, na ce Baba yana barci, alhali yana zaune yana jiransa. Na raba tsoho da mutanensa don in rufe abin da na yi, kuma da safe ni ce nake karanta masa Maganar Allah da wannan bakin.

Ran Lahadi mai zuwa za a yi sujadar godiya. Dattijo ya riga ya faɗa wa mata cewa zai tashi ya gode wa ikilisiya, domin akwatinmu ya fito tas, babu wanda ya ɓalle. Da lasifika zai faɗa, Baba kuma a bencin gaba yake zama. Na ce masa ko ya huta a gida saboda gwiwa, ya ce shekara hamsin bai fasa sujada ba, ba zai fara don gwiwa ba. In na faɗa masa kafin nan, na san ba zai yi shiru ba, zai miƙe a tsakiyar coci ya ce an sace masa shaida, daga nan zamana a gidan miji sai yadda Allah ya yi. In na bari ya ji daga bakin Dattijo, zai juyo inda nake zaune, kuma ban san da wane hannu zan kama shi mu koma gida ba. Na yi addu'a har na rasa abin roƙo. Ina jin tsoro, Yaya, ina kuma jin kunya. Na san wasiƙar nan ba za ta same ka kafin Lahadi ba. Na rubuta ne don wani a gidanmu ya ji daga bakina tukuna.

Ka gaishe mini da Anti, da Babban Mutum, da 'Yar Baba mai kukan banza. Gwaggo ta ce ka daina aiko mata hoto, kai take so ta gani. Kawu Dogo ma yana gaisuwa.

Ina cikin rubutun nan Baba ya ji ƙarar takarda, ya tambaya, na ce kai nake rubuta wa. Ya ce in gaya maka kada ka damu da shi, ƙanwarka ita ce idonsa, kuma bai taɓa bukatar ya tambaye ta inda ta sa masa hannu ba. Ya ce tun da ba ya iya sa hannu, in kawo tawada ya dangwala maka. Ya miƙo yatsan, a sake, kamar ranar. Tabon da ka gani a ƙasan sunana nasa ne. A nan ya ce in sa, a nan kuma na sa.

Ƙanwarka mai neman addu'arka,
Auta