Ashe gara ce a zogalen yarana

Talata da dare, Kafanchan

Na kasa cin tuwon nan. Tun rana zogalen 'yan ajina ne a raina.

Da aka tashi tara Rifkatu ta ja ni bayan makaranta. "Malama, nawa yana mutuwa!" Ganyen ya yi rawaya, ɓawon gindin duk ya ciwu. Na duƙa na kankare da farce, na ce mata ƙila tsutsa ce mai huda itace, irin wadda muka karanta a aji.

Baba Yohanna mai gadi ya leƙo, ya yi dariya. "Malama, tsutsa gari yake bari a bakin rami. Wannan laka ne. Gara ne, 'yata. Wa ya tula masu busasshen ciyawa har wuya?"

Ni ce. Ni na ce su rufe gindin don ya riƙe danshi, har na sa aka tafa wa wanda ya fi tulawa. Ashe abinci na kai wa gara har gida.

Mun janye ciyawar, mun zuba toka kamar yadda ya ce. Guda bakwai na gani da laka. Layin zogalen da suka dasa a bakin rafi kuwa na kasa zuwa in duba. Kowane yaro daga gidansu ya kawo reshensa, na Rifkatu tun daga Madakiya, daga bishiyar kakarta.

Har yanzu Rifkatu tana zaton don ta yi fashin ban ruwa ne. Gobe bayan addu'ar safe zan gaya musu laifina ne. Ya Ubangiji, ka bar mata ko toho ɗaya.