Kujerar Suruki

Filinge, ranar Litinin

Zuwa ga ɗiyata Basiratu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kun isa Yamai lafiya, ke da maigidanki Abdulgafar da yara.

Na ji daɗin zuwanku, sai dai an yi ɓarna. Kin san tun da amalanke ta kife da ni a hanyar Bonkuku, ƙugun nan ba ya barina in yi sujada sai da ƙwayar tiramol da likita yake rubuta mini duk wata. To ranar da ya zo duba ni, mijinki na zaune bakin ƙofa. Likita ya tambayi jiki, na ce da sauƙi. Ya danna wurin, na ji har cikin ƙwaƙwalwata, amma na haɗiye. Wace mace ce za ta yi raki gaban surukinta? Sai ga shi ya tsayar da maganin, wai na warke. Parasetamol ya ba ni, kamar mai mura! Farmasi kuwa ba sa sayarwa sai da takardarsa. Yanzu a zaune nake salla.

Ki kira likitan ki faɗa masa gaskiya, ya fi jin maganarki. A gaida yara.

Mahaifiyarki,
Habsatu

Filinge, ranar Alhamis

Basiratu,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Ni dai ba lafiya ba.

Da na ji shiru, na sa aka kai ni asibiti. Likita bai ɓoye mini ba. Ashe ke kika kira shi tun farko, wai ana yi miki gori uwarki ta zama 'yar tiramol kamar 'yan kabu-kabu. Ke kika zaɓi ranar da zai zo duba ni. Sai yanzu na tuna ke kika ɗauko wa mijinki kujera kika ajiye bakin ƙofata.

Da tsoro kike kada ƙwayar ta kama ni, ai sai ki zauna mu yi magana. Ba ki yi ba. Kunyar da ni na koya miki, da ita kika ɗaure ni. Wallahi wannan ya fi ƙugun ciwo.

Likita ya ce ba zai sake rubutawa ba sai ya sake dubawa, ran kasuwa. Ki turo Abdulgafar, kujerarsa na nan inda kika bar ta. Wannan karon zai ji kukan surukarsa, har maƙwabta ma su ji.

Allah ya shirye ki. A gaida jikokina.

Wadda ta haife ki,
Habsatu