Ki Kira Ta Tumfafiya

Ƙofar Kwaya, Litinin

Gwaggo Baraka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafa, ya kunnen? Tunda waya ta daina yi miki amfani, ga takarda ta hannun ƙanwata Ma'u.

"Ramla, wai me za mu riƙa kiran yarinyar nan ne?" Da wannan surukata Hajiya ta karya kumallo a kaina yau. Maigidana Mudassir ya yi wa jaririyar huɗuba da sunan Hajiyar, Halima, kin ga ba mai bakin faɗinsa a gidan, dole a nemo na kira. 'Yan barka kowa da nata: Ummi, Mami, Sadiya. Wata ma ta ce Afnan, wai a waya ta gani.

Kin san wannan ce ta uku. Nur ta yi kwana huɗu, Iman ta yi tara. Ni na zaɓo musu sunayen, har da binciken ma'ana. Sun yi daɗi ƙwarai a bakin masu ta'aziyya.

A danginmu, abin da kika fara kiran jariri ranar suna shi ke binsa har tsufa. Asabar in kin ɗauke ta, ina roƙon ki kira ta Tumfafiya. Ba zafin haihuwa ne ya taɓa ni ba, lafiyata lau.

Allah ya ƙara girma.
'Yarki, Ramla

Gobarau, Talata

Ɗiyata Ramla,

Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya. Ƙafa da sauƙi. Kunne kuwa ya huta da maganar mutane, sai ga ido ya ɗauki aikin.

Sau biyu na goge tabarau. Tumfafiya? Wadda ke fitowa a juji da kufai? Shekara talatin da biyar ina kiran rajista a firamare, na kira Ladi, na kira Tabawa, ban taɓa kiran ciyawa ta amsa ba. Ke da aka tura Zariya kika karanto haɗa magunguna, abin da kika haɗo mana ke nan? Ba a manta nononta ne ya kusa tsiyayar da idon Babaji ɗan maƙwabcinmu ba.

Ki faɗa mini dalili, amma ban da na jami'a. Kuma ba ki ce mini da wa ta yi kama ba.

Ki gaida Malam Mudassir da Hajiya. Ki riƙa shan kunun kanwa.
Gwaggonki

Ƙofar Kwaya, Laraba

Gwaggo,

Ina gaisuwa, da fatan an tashi lafiya. Kunun kanwa ina sha, ana tsaye a kaina kamar jarrabawa.

Na san dafinta fiye da Babaji, na yi mata rubutu a aji uku: tana ƙona ido, tana rikita bugun zuciya. Abin da ya ja ni ke nan. Da muka dawo daga binne Iman, wato da maza suka dawo suka ce an gama, na fita bayan gida na ga duk abin da na shuka awaki sun cinye, sai wata tumfafiya da ba wanda ya shuka, kore shar a tsakiyar rani. Ba mai ba ta ruwa, ba mai sha'awarta, ba mai taɓa ta.

Ai ba ni na ƙirƙiro ba. Kakanninmu in 'ya'ya suna mutuwa, sai su ba na gaba sunan ƙyama don mutuwa ta wuce shi. Da can ina dariyar wannan. Na gwada likita, na gwada addu'a, na gwada suna mai kyau. Mudassir ya ce camfi ne, kuma gaskiyarsa. Na ce ya kawo abin da ya fi, ya tashi ya fita duba rago.

Kamanni kuwa, ban sani ba. Ma'u ke miƙo mini ita, in ba ta nono ina kallon bango, in mayar. Na iya fuska biyu da ka, sun ishe ni.

Na bar ki lafiya.
Ramla

Gobarau, Alhamis

Ɗiyata,

Salamu alaikum. Ina fatan kin kwana lafiya, ke da baƙuwarki.

Zan faɗa miki abin da ubanki ma bai taɓa faɗa miki ba. Baraka sunan yankana ne, sai da na shiga kwalejin malamai na ƙwato shi. Kafin nan ni Ajuji ce. Huɗu suka mutu kafin a haife ni. Ranar sunana aka kai ni bakin juji aka ajiye, wata tsohuwa ta ɗauko ni kamar tsintuwa.

Za ki ce ai ga shi na rayu. Na rayu. Amma sunan ba shi kaɗai yake zuwa ba, ɗiyata, da aikinsa yake tafe. In kin ce wa mutuwa ba ki son abu, dole ki riƙa nuna mata kullum. Inna ba ta taɓa yi mini kitso da hannunta ba. In na yi sabon zane, sai ta kau da kai. Da ƙyanda ta kama ni, maƙwabciya ce ta kwana da ni, ita tana bayan ƙyaure tana saurare. Wannan sai bayan rasuwarta na ji. Shekara arba'in ina zaton da gaske ba ta so na. Ban san ko mutuwa ta ruɗu ba, ni dai na ruɗu.

Ba zan kira ta Tumfafiya ba. In kin matsa, ki nemi wani bakin. Kin ma riga kin fara aikin sunan tun ba a raɗa ba.

Abu ɗaya nake so kafin Asabar. Ki ɗauke ta da kanki, ki kai ta bakin taga, ki dube ta, ki rubuto mini da wa ta yi kama. In Allah ya karɓi abinsa, gara ya karɓa daga hannunki, ba daga hannun Ma'u ba.

Allah ya ba ki haƙuri da ni.
Ajuji

Ƙofar Kwaya, Juma'a da safe

Gwaggo,

Gaisuwa a tsaye.

Na kai ta taga. Hancin Mudassir ne, goshin naki ne, Allah ya ba ta haƙuri. Farin idonta kuma ya yi ɗorawa, har tafin hannu. Shawara ce. A duhun ɗaki ba wanda ya lura, ni da na san abin kuwa bango nake kallo. Ban san kwana nawa ke nan ba.

Hajiya ta ce mai jego ba ta fita kafin suna, a bari gobe a gama taro. Na ce a ci ragon, a ajiye mana ƙafa.

A katin asibiti zan rubuta Halima. Na kira kuwa na bar miki. Ki zo gobe ko ba ma nan, ki faɗe shi da ƙarfi yadda za a ji har asibiti.

Mudassir ya tada mota. In kin iso kin tarar da ɗakina a rufe, ni na ja ƙofar, yarinyar tana kafaɗata.

Ramla