Na cire makulli, Umma ta sha ruwa tun da sauran rana

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a fara zagina, don ni ma na gaji da zagin kaina.

Ni mai rubuta manhaja ne, a Jakara nake. Ni da aminina, bari in kira shi Nura, muna aiki a wani ƙaramin kamfani da ya yi manhajar da ke sanar da lokacin shan ruwa, ga mutanen Kano da masu Umara a Makka. Laburaren da muke amfani da shi, wato wani ɓangaren manhaja da wasu suka riga suka rubuta, wuri guda yake ajiye lokacin garin da ake yi wa lissafi, kamar agogon bango ɗaya a gidan yawa. Aikin Makka ya zo ya juya shi, na Kano ma ya zo ya juya. Shi ya sa aka sa makulli: wanda ya shiga sai ya gama kafin wani ya taɓa. To da azumi ya kama jama'a suka yi yawa, manhajar ta fara jan ƙafa, oga kuma kullum, "Malam, ina saurin da ka yi min alkawari?" Ni kuwa da girman kai irin nawa, na cire makullin, layi uku kacal a rubutun manhajar. Na gwada sau goma lafiya lau. Wa zai ce ayyukan biyu za su taɓa haɗuwa a daƙiƙa ɗaya?

Ranar sha bakwai ga azumi suka haɗu. Aikin Kano ya karanta agogon Makka, wayoyi suka ɗauki kiran Magariba saura awa biyu. Masu ido suka leƙa waje suka yi tsaki. Amma Umman Nura ba ta gani, ji ma sai an ɗaga murya, kuma shi da hannunsa ya sa mata manhajar ya ƙure ƙarar. Ita kaɗai ce a ɗaki. Ta yi bismillah ta ci dabino ta sha kununta.

Nura ne mai kula da jadawalin lokuta, don haka shi oga ya dakatar. Ina tsaye a wurin na bar shi ya ɗauki laifin. Na koma kujerata na mayar da makullin a ɓoye. Da na je gaishe da Umma sai na tarar da Nura durƙushe a gabanta yana cewa, "Umma ki yafe min, ni na karya miki azumi." Ta ce, "Tashi, Malam ya ce in rama guda ɗaya ne kawai." Sannan ta lalubo hannuna ta riƙe: "Kai ne mai kai a cikinku, ka taimaki ɗan'uwanka ya koma aikinsa." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Jiya Nura ya kira ni. Ya duba jadawalinsa har ya gaji bai ga kuskure ba, yana so gobe bayan Azahar mu zauna mu bi tarihin gyare-gyaren layi-layi. Sunana yana nan a jikin layukan ukun. Zan iya goge shi, minti biyar ya ishe ni, kuma Nura ba zai taɓa zargina ba. In na goge, aikinsa ya tafi ke nan. In na bari, da wane ido zan sake shiga gidan nan?

Tun safe nake buɗe kwamfuta ina rufewa. Jama'a, me zan yi?